Inci Ashirin da Takwas

Tun muna yara muke kiran yayata Lauya, don idan ta kafa maka tambaya sai ka gwammace ta mare ka. Ni kuwa ƙaninta ne, direban motar kamfani, mutum mai gajen haƙuri. Na faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa.

Babanmu kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar, har ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, hannun dama da ƙafar dama suna aiki, amma tafiya sai a keken marasa lafiya. Likita ya ce akwai wata cibiya a babban birni inda ake motsa gaɓoɓin masu irin ciwonsa, sai dai a yi wata uku ana zuwa kullum. An ba mu rana. In muka wuce ta, sai wata shekara, kuma likitan ya faɗa mana ƙarara cewa jiki ba ya jira.

Baba ya ce ba inda za shi.

Kowa a gidan ya san dalili, ba wanda ya iya furtawa. Ƙofar banɗakinmu ƙarama ce, keken ba ya shiga. Kullum ni nake ɗaukarsa cak in kai shi ciki, in zaunar da shi, in tsaya a bakin ƙofa ina jin numfashinsa. Ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa. Mutumin da ya kafa ƙofofin rabin unguwarmu, ga shi ba shi da ikon rufe ɗaya a bayansa. Rannan ya ce da Mama, yana zaton ba na ji, “A gidana ma kunya ta ishe ni. Sai kuma a kai ni garin mutane a yi ta cicciɓa ta?” Daga nan ya daina magana da kowa, sai eh da a'a.

Lauya ta ɗauki hutu daga kantin maganin da take aiki, ta zo ta baje a falo da wayarta da littafi. Na ce mata neman gidan haya na wata uku ai ba wani abu ba ne, manhaja ce, ka latsa ka zaɓa. Cikin minti goma na samo mata gida a hawa na goma sha huɗu, kujeru farare tas, taga har ƙasa, gari duk a ƙarƙashinka.

“Ina hoton banɗakin?” in ji ta.

“Ga shi nan, kamar ka ci abinci a ciki.”

“Ƙofar nake tambaya. Faɗinta nawa?”

“Haba Yaya! Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.”

“Ka faɗi gaskiya a farkon maganarka,” ta ce. “Ba mudu ba ne.”

Ta tashi ta buɗe akwatin kayan aikin Baba, wanda ba wanda ya taɓa tun da ya kwanta, ta ɗauko tef ɗinsa na awo. A gabansa ta durƙusa ta auna keken daga taya zuwa taya. Inci ashirin da shida. Ta ƙara biyu saboda hannun da zai tura tayar. Ta rubuta ashirin da takwas a tafin hannunta da biro. Baba yana kallon talabijin, ko ƙiftawa bai yi ba.

Wallahi kwana huɗu na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk gidan da ta gani a manhaja sai ta nemi mai shi a kiran bidiyo. Matakala nawa ce daga titi zuwa ƙofa? Idan lif, na'urar hawa bene, ya lalace wa ke gyarawa, kuma yaushe ya lalace na ƙarshe? Dokin ƙofar banɗaki yana da tudu? Ƙarfen dafawa yana dama ko hagu? Wata mata ta kashe wayar a fuskarta. Wani ya ce shekara shida yana ba da haya, ba a taɓa sa shi ya zauna a kan masai yana miƙa hannu don a ga inda ya kai ba. Amma ya zauna, ya miƙa. Haka Lauya take, tana yi maka magana a hankali da girmamawa har ka tsinci kanka kana abin da ka rantse ba za ka yi ba.

Tikitin jirgin sama ma haka muka sha. Na samo wanda ke yada zango a hanya, ta ce a'a, sauka biyu ɗauka biyu ke nan. Ta zaɓi na safe mai tafiya kai tsaye, kujerar bakin hanya, a layin da hannunsa na dama zai kasance a sake. Ta kira kamfanin sau uku kan zancen keken, ta rubuta sunan duk wanda ya amsa. Amma ta ƙi kammala sayen tikitin. Ta ce sai mai tafiyar ya ce zai tafi.

Ni fa raina ya gama ɓaci. Saura kwana tara, gidaje biyar ta watsar, mai tafiyar kuma ko kallonmu ba ya yi. Na ja ta kicin na ce, “Ki karɓi kowane ne, ni zan ci gaba da ɗaukarsa. Na ce na gaji ne?”

“Kai ba ka gaji ba, Auta,” ta ce. “Shi ne ya gaji.”

Na fita na sake wanke motar da na wanke da safe.

Gida na shida wani dattijo ne ke kula da shi, mai gilashi a kan hanci. Ta jingina wayar a kan teburin falo, daidai inda Baba zai iya gani, ta roƙi dattijon ya auna ƙofar banɗaki. Ya ja ƙofar ya rufe, ya ɗora tef daga wannan katako zuwa wancan.

“Talatin cif.”

“Alhamdulillahi!” na ce, har da tafi.

“To madalla,” in ji Lauya, da ƙarfi fiye da yadda ta saba. “Talatin ya wadatar. Bari mu karɓa.”

“Ba talatin ba ne.”

Duk muka juya. Baba ne.

“Malam, buɗe ƙofar,” ya ce da wayar. “Wangale ta duka. Yanzu auna daga fuskar ƙyauren zuwa katakon can. Ƙyaure yana cin hanya, wa ya ce maka ana auna ƙofa a rufe?”

Dattijon ya gyara gilashi, ya sake aunawa. Ashirin da bakwai. Ya yi dariya ya ce, “Ranka ya daɗe, kafinta ne kai?”

“Shekara arba'in,” in ji Baba.

Na kalli Lauya. Kanta na kan littafi, wai rubutu take yi, amma biron ba ya motsi. Ashe ta sani. Duk gidaje biyar ɗin nan a buɗe ta sa aka auna ƙofofinsu, ina zaune ina gani, wannan kaɗai ta bari. Kai, yayata! Ban taɓa jin ina alfahari da mutum kamar ranar ba.

Dattijon ya ce akwai wani ɗaki a ƙasa, ba shi da kyau a hoto, tagarsa bango take kallo. Baba ya sa shi ya sauka da wayar. Shi ya yi tambayoyin da kansa, har da tsayin sakata daga ƙasa. Ƙofar a wangale ta ba da ashirin da tara. Baba ya juya ya ce da Lauya, “Jirgin naki na ƙarfe nawa ne?”

Mun sauka a birnin da hantsi. Ɗakin kuwa ba a yi masa ƙarya ba, labule ya koɗe, kujera ɗaya tana rawa, ga bango a taga. Dattijon ya tarbe mu da makulli, suka gaisa da Baba kamar tsofaffin abokai. Muna cikin shigo da jakunkuna na ga Baba ya juya kekensa wajen banɗaki. Jikina ya riga tunanina, na yar da jakar na nufe shi da hannuwa a buɗe kamar kullum. Lauya ta riƙe mini riga ta baya.

Ya tura da hannun dama, ya ja da ƙafar dama. Tayar ta wuce katakon ba ta taɓa shi ba. Ya shige, ya juya a hankali, ya miƙa hannu ya jawo ƙyauren.

Muka ji ƙarar sakata.

Na tsaya a tsakar ɗakin da hannuwana a buɗe, ba abin ɗauka, hawaye na zubo mini, ni ƙato da ni. Lauya ta zauna a kan kujerar nan mai rawa, ta rufe fuska da tafin hannu. Daga ciki muka ji muryar Baba.

“Auta, matsa daga bakin ƙofar nan. Ina ganin inuwar ƙafarka.”