Saverio a Gaban Kanta

A garinmu ba a cewa za a je shagon bindiga, sai dai a ce za a je wurin Saverio. Haka ake faɗa tun 'yarsa Nunzia tana rarrafe a ƙarƙashin kantar shagon, kuma haka aka ci gaba da faɗa bayan tsohon ya miƙa mata makullai ya ce shi ya huta. Lasisi ya koma sunanta, littafin rajista ya koma hannunta, 'yan sanda in sun zo duba shi ita suke nema. Amma mutanenmu, Allah ya shirye su, sai mutum ya shigo ya tarar da ita tsaye ƙiƙam, ya leƙa bayanta ya ce, "Babanki na ciki?" Ka rantse labule ne aka rataya.

Abin yana cin ran Nunzia, ba ta kuma ɓoyewa. Rabin laifin na tsohon ne, don hutun nasa a baki ya tsaya. Kullum da hantsi sai ya sha kofi da amininsa Cosimo a tsallaken titi, sannan ya shigo ya zagaya bayan kanta ya tsaya inda ya saba, yana gyara abin da bai karkace ba.

Wata Asabar, gab da buɗe farautar aladun daji, shagon ya cika da maza. Saverio kam ya bar farauta. Kafaɗarsa ta daina ɗaukar dukan babbar bindiga, takardar farautarsa ma ya bar ta ta mutu. Ran nan sai ya miƙa hannu ya sauko da wata bindigar iska mai gindin katako, ya ɗora a kafaɗa, ya kashe ido ɗaya.

"Wannan tawa ce," ya ce. "Zan jera gwangwanaye a cikin lambuna in nuna wa Cosimo ido na nan daram. Rubuta, yarinya."

Nunzia ta buɗe littafin, ta cire murfin biro, ta miƙa masa tafin hannu.

"Kati, Baba."

Shagon ya kwashe da dariya, har da shi. Kowa ya san ƙaramar bindigar iska ba ta son lasisi. Abin da doka ta nema kaɗan ne: mai saye ya nuna katin shaida mai rai, mai shago ya rubuta suna da lambar kati da lambar bindiga. Saverio ya zaro nasa da yanga ya buga a kan kantar. Irin katin zamanin da ne na takarda mai ninki, ya sha aljihu har ya yi laushi kamar tsumma.

Ba sai ta buɗe ba ma, ta san ya daɗe da mutuwa. Duk gidan sun san dalilin da ya hana shi sabuntawa. A tsohon katin akwai layin sana'a, inda aka rubuta masa maƙerin bindiga. Sabon katin roba ba shi da wannan layin, kuma in ka je ofishin hukuma sabuntawa, tsohon suke fara karɓewa. Duk da haka ta buɗe, ta duba kwanan wata kamar yadda take yi wa kowa.

"Ya mutu, Baba."

"Ya mutu? To ni na mutu ne? Ga ni a gabanki!"

Cosimo ya matso yana dogara sanda. "Haba Nunzia. Ni na riƙe ki a coci ranar da aka yi miki baftisma, kina tsala ihu kamar an yanka ki. Na shaida wannan tsohon ubanki ne. Ba ki ga hancin ba? Duk garin nan ku biyu ke da irinsa."

"Kawu, hanci ba shi da lamba. Me zan sa a nan?"

Aka sake dariya, amma wannan karon ban da Saverio. Ya sha mur.

"Wa ya koya miki riƙe wannan littafin?"

"Kai. Kai ka ce min ko Fada ne ya shigo da rigar coci, ba kati, ba bindiga. A gabana ka mayar da shi gida ya ɗauko."

"Fada na ce! Ban ce ubanki ba!"

Sai ya yi abin da bai kamata ba. Ya zagayo bayan kanta, ya zare biron daga hannunta, ya jawo littafin zai rubuta da kansa. Abin ya yi wa Nunzia ciwo, don tana son uban nan nata kamar me. Amma ta ga idanun mazan duk a kanta, ta kuma gane cewa in biron nan ya taɓa takarda, shagon ya koma nasa ke nan, ita kuwa za ta tsufa tana amsa "Babanki na ciki?" Ta shimfiɗa tafin hannunta a kan shafin.

"Baba, sunana ne a bangon littafin nan. Ni za a tambaya."

Ta ɗauki bindigar ta mayar inda take. Saverio ya ajiye biron a hankali, ya ninke katinsa, ya fice ko hularsa bai ɗauka ba. Cosimo ne ya bi shi da ita yana ɗingishi.

Washegari Lahadi kujerarsa a teburin abincin gidan Nunzia ta yini babu kowa. A garinmu mutum zai iya fashin coci a yafe masa, amma uba ya ƙi zuwa cin taliyar Lahadi a gidan 'yarsa, wannan magana ce da za ta zaga kasuwa. Mahaifiyarta Concetta ta zo ita kaɗai, ɗauke da tukunyar miya da faɗa.

"Ke wace irin 'ya ce? Ki kwafe tsohuwar lambar mana, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Mama. Shi ma zai sani."

"Yana can gidan Cosimo yana cin taliyar da ta dahu ta yi lugub. Kin ji daɗi?"

Ba ta ji daɗi ba. Lahadin da ta biyo baya ma bai zo ba, ya kuma daina tsallako titi. Tana hango shi ta gilashi yana shan kofinsa, ya ba shagon baya da gangan. Tsoro ya kama ta sosai, kada taurin kan nan ya raba su har abada, don ta san irin kan da ta gada. Amma ko sau ɗaya ba ta yi tunanin ta yi kuskure ba. Da wani baƙo ya zo ya nuna bindigar, cewa ta yi an riga an kama.

Ana nan, wata safiya ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, sai ga Saverio cikin farar riga mai guga, an yi aski, Cosimo na biye. Ƙafarsa ta nufi bayan kanta kamar kullum, sai ya ja birki, ya dawo ya tsaya inda masu saye ke tsayawa. Ya ajiye katin roba sabo ful.

"Ga shi nan. Dubi yadda suka mai da ni, sai ka ce wanda aka kama da satar kaji."

"Wallahi hoton ya fi ka kyau," in ji Cosimo.

"Rufe min baki, tsohon banza." Ya juyo wurin 'yarsa, murya ta sauka. "Sun karɓe wancan. Yarinyar ofishin ta jefa shi a aljihun tebur ko kallo ba ta yi ba. Yanzu babu inda aka rubuta abin da na yi da rayuwata."

Tausayinsa ya cika ta har ta ji ƙwalla na zuwa, amma ba ta bari ta zubo ba. Ta ɗauki katin, ta dubi hoto, ta dubi fuska, ta sake duban hoto, a tsanake, yadda ya koya mata. Sannan ta sauko da bindigar, ta karanta lambar jikinta, ta fara rubutu. Saverio ya sunkuyo yana kallo. Shekara da shekaru yana cika littafin nan, bai taɓa ganinsa a juye ba sai yau.

"Hannunki ya fi nawa kyau," ya ce, kamar ana ciro maganar da ƙarfi. "Kada ki faɗa wa uwarki."

Ta sa bindigar a jaka ta zuge, ta miƙa masa da hannu biyu. Bai ce komai game da Lahadi ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Daidai nan ƙofa ta sake buɗewa. Donato mai gidan burodi ne, hannu duk fulawa. Yana ganin tsohon ya washe baki.

"Yauwa Saverio, gara da na same ka! Bindigar iska nake so, wacce za ka ba ni?"

Nunzia ta tsaya da biro a hannu, ba ta ɗago ba. Saverio ya dubi bayan kanta, ya dubi 'yarsa. Sai ya rungume jakarsa ya ja gefe.

"Ni ma ciniki na zo," ya ce. "Tambayi mai shago."

Donato ya matso gaban Nunzia, yana goge hannu a riga yana laluben katinsa tun kafin ta tambaya.