Dubu Ɗaya da Ɗari Shida

Ni ne na fara kiran motar Malam Bakari keke. A ƙofar masallaci na faɗa don a yi dariya, aka kuwa yi, sunan ya bi ta shekara bakwai. Shi ya sa ran wata Talata da hantsi na sami kaina a bakin gadonsa yana cusa mini makulli a hannu.

"Malam Sadisu, ka ji rediyo? An buɗe tolget na karɓar kuɗin motoci a hanyar Lafiya!"

"Na ji. Kai dai ka kwanta."

"Ƙaramar mota ɗari biyar, jip ɗari takwas, bas dubu, manya dubu ɗaya da ɗari shida. Keke fa? An ce keke ko sisi ba ya biya!" Ya yi tari, ya ɗaga yatsa. "To ga alƙali ya samu. Ka kai ta. In sun karɓi kuɗi, mota ce."

Malam Bakari mai walda ne, katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Manawashi. Abin da yake kira mota asalinsa babur ne mai taya uku na ɗaukar kaya. Ya yanke shi ya ƙara masa tsawo, ya liƙa wani layin taya a baya, ya yi rumfa da ƙofa, ya sa hon irin na tirela. Da ita yake ɗauko tumatir da albasa daga Kwadon. Yanzu ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura, kuma wasiyyarsa ɗaya ce: a kai shi maƙabarta a cikinta. Yayansa Alhaji Ja'afaru ya rantse ba za a ɗauki ɗan babansa a keke kamar buhun albasa ba.

"Me ya sa sai ni?" na ce.

"Bakinka ya ɓata mata suna. Bakinka zai gyara."

Ni malamin firamare ne, tafiyata mafi nisa a shekara goma ita ce Bauchi, nan ma amai na yi. Amma kafin azahar layinmu ya ɗauka. Timoti mai faci ya ce zai raka ni, ya ɗaure tayoyi biyu a kan rumfa. Kande, matar Malam Bakari, ta soya mana dambun nama. 'Yan acaɓa suka rabu gida biyu, masu cewa za a karɓa da masu cewa za a kore mu da sanda. Da muka tashi da safe na danna hon, akuyoyin layin suka watse, Malam Bakari ya sa aka buɗe masa taga.

"Kada ka bari su yi maka ragi!" ya ƙwala. "In sun ce ɗari biyar, ka nuna musu tayoyin baya!"

Kwana huɗu muka yi. Ran Asabar da la'asar muka shigo layi, ni da ƙura har cikin kunne, Timoti a tsaye a baya yana kaɗa wata 'yar takarda kamar wanda ya ci zaɓe. Mutane suka biyo mu har cikin zaure. Kande ta manta mayafinta a igiya.

Malam Bakari ya karɓi rasit ɗin tolget da hannu biyu. Ya nemi tabarau, ya karanta, ya sake karantawa.

"Dubu ɗaya... da ɗari shida." Ya dube ni. "Layin manya?"

"Ga shi a rubuce," na ce.

"Allahu akbar! Kande, kira mini Yaya! Timoti, me suka ce da suka gan ta?"

"Baba, duk inda muka tsaya sai an taru," in ji Timoti, yana kallon silin.

Alhaji Ja'afaru ya zo da carbinsa, ya juya takardar gaba da baya, ya ɗaga ta a haske.

"Gwamnati ma ta rikice," ya ce.

"Yaya, keke ne ko mota?"

"To... tunda sun karɓi kuɗi."

"Malam Sadisu, kai fa? Da ƙarfi, na waje su ji."

Na gyara murya kamar a gaban ɗalibai. "Mota ce. Babba ma."

Ya yi dariya har sai da Kande ta riƙe masa ƙirji. Ran nan ya sha kunu kofi biyu, abin da ya yi sati bai yi ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya karanta rasit kafin ya tambayi jiki.

Ran Laraba bayan sallar azahar Malam Bakari ya cika. Alhaji Ja'afaru da kansa ya share bayan motar, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, aka ɗora makara. Ta shiga daidai, har da sauran wuri, kamar an auna. Ni na tuƙa, a hankali, mutane na biye a ƙasa. Ko tari motar ba ta yi ba har maƙabarta.

Yanzu tana ƙofar gidan a ajiye, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Kande ta sa rasit ɗin a gilashi ta rataye a zaure, rana ta fara cinye rubutun.

A tafiyar nan tamu motar ba ta wuce Alkaleri ba, ko Bauchi ba mu kai ba, balle tolget. A can ta mutu mana kwana uku, kuma wani direban tirela ne ya ba ni takardar a teburin mai shayi, da zai nannaɗe goro da ita.