Ƙwayoyin da Suka Ƙi Mutuwa

Auta ta daɗe tana aiki a ɗakin bincike, tana kiwon ƙwayoyin jikin ɗan Adam a cikin 'yan farantan gilashi. Ta san halinsu ciki da bai. Idan ƙwaya ta lalace, da kanta take kashe kanta don sauran su zauna lafiya. Wani bairos mai haddasa cuta yakan ingiza ta ta mutu tun lokaci bai yi ba, wani kuma ya toshe mata hanyar mutuwar don ya sami wurin hayayyafa.

Irin na biyun ne ya kama yayarta, telar da ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Ya jima kwance a bakin mahaifarta ba wanda ya sani, sai da jini ya ƙi tsayawa.

Da suka dawo daga asibiti, Yaya ta zauna gaban keken ɗinkinta, ta ƙura masa ido.

"Likitan nan kwana-kwana ya yi ta yi mini. Auta, faɗa mini tsakaninki da Allah, me ke ci na?"

"Wasu ƙwayoyi ne a jikinki ya kamata su mutu, Yaya, cutar ta hana su. Sai suka yi ta taruwa har suka zama ƙari."

"Ikon Allah! Ashe har a cikina akwai masu taurin kai irin naki."

Auta ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta.

"Ku a wurin aikinku ba ku da maganinsa?"

"Muna nema, Yaya."

Auta ta ɗauki hutu ta tare a gidan Yaya. Yaya ta dage sai ta gama ɗinkunan mutane. Da ƙafarta ta kasa, Auta ce ke taka keken, ita tana riƙe da yadin. Ɗinkin ya karkace, amma ba wanda ya dawo da nasa.

Dab da rasuwarta ta kamo hannun Auta, ta ce, "Na ji akwai rigakafi. Ki kai mini 'yata a yi mata."

Bayan an share makoki Auta ta kai yarinyar. Allura ta shiga, yarinyar ko gezau. Auta ce ta fashe da kuka, har ma'aikaciyar jinya ta jawo mata kujera, tana cewa ai an gama, ba zafi.