Mayafin Gwaggo Indo

Lantana ta yi suna a Gazara wajen ɗinkin mayafin haɗe-haɗe. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa a kasuwar Makarfi take tarawa, ta yanka, ta jera launi kusa da launi, ta shimfiɗa auduga a tsakani, ta bi da allura. A shekarun farko na samun 'yancin kai atamfar masaƙar Kaduna ta cika kasuwa, ƙyalle ya wadata, hannun Lantana kuwa ya faɗa. In ka ga ɗinkinta sai ka rantse da keke aka yi.

Abu ɗaya ke ci mata rai: mayafin da ta fara ɗinkawa yana nan bai mutu ba. Tana budurwa ta yi shi a Paki, gidan ƙanwar mahaifinta Gwaggo Indo, wadda ta riƙe ta. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, zaren ya yi tsalle-tsalle kamar sawun fara, ga wani jan ƙyalle ɓaro-ɓaro a tsakiya, ba dalili.

Ranar sunan jikar Gwaggo, Lantana ta tafi Paki tare da Selina, matar malamin makarantar Gazara, wadda ta daɗe tana cewa za ta ba ta aiki. Suna shiga gida, ga mayafin an baza a kan danga, inda kowa zai gani.

"Lale marhabin da mai allura!" in ji Gwaggo. Tun ba a gama gaisawa ba ta kamo hannun Selina. "Baƙuwa, zo ki ga aikin 'yata. Da hannunta ta yi!"

"Haba Gwaggo," Lantana ta ce ƙasa-ƙasa, "wannan ai na ƙuruciya ne."

"To, ƙuruciyar ta wani ce?"

Mata suka bushe da dariya. Selina ta tsaya tana shafa mayafin. Lantana ko tuwon suna ba ta iya ci ba.

Da ta koma gida sai ta ɗaura ɗamara. Tun daga kaka har aka fara karyar rake tana kan sabon mayafi, shuɗi da fari, kowace kusurwa ta haɗu da 'yar'uwarta. Ta naɗe ta kai Paki, ta durƙusa.

"Gwaggo, ga wannan. Ki ba ni tsohon in tafi da shi."

Gwaggo ta warware, ta yi ta sa albarka har da ƙwalla. Sai ta ninke shi ta sa a adaka ta rufe.

"Wannan ya fi ƙarfin rufa, sai ranar wani babban abu."

"Tsohon fa?"

"In ba ki, in rufa da me?"

Lantana ta ciji leɓe. Ta jira Gwaggo ta fita gaisuwa maƙwabta, ta ɗauko mayafin, ta sa reza za ta farke ko gefen nan da ya karkace ta gyara. Da ta dube shi kusa sai ta ga inda ta ƙulla zare tuli guda don ba ta san yadda ake tuƙewa ba. Ta tuna yadda take ɗinki da sauri, tana waƙa, ba ta tsoron komai. Yanzu kuwa kafin ta soka allura sai ta auna, ta sake aunawa. Ba ta gama wannan tunani ba ta ji an fizge mayafin. Ashe Gwaggo ce ta dawo.

"Ke! Kayan naki ne? Tun da kika ba ni ya tashi daga naki."

Haka ta dawo Gazara hannu wofi, tana mita har ƙofar gida. Washegari ga Selina da ƙullin ƙyallaye.

"Uwargida, na yanke shawara. Irin na kan dangar nan nake so."

"Matar Malam, ba'a kike mini?"

"Allah da gaske. Yana da rai. Har jan nan ki sa mini."

Lantana ta yi salati, ta karɓa. Ta yanka ƙyallen a karkace da gangan, ta ce yau sai ta yi ɗinkin banza. Amma ina! Da hankalinta ya ɗan gushe sai ta ga layi ya miƙe sambal. Ta farke, ta sake, ya kuma miƙewa. Mijinta Sada ya tarar da ita tana yi wa hannunta faɗa.

"Lafiya?"

"Shekara da shekaru ina horon hannun nan ya daina shirme. Yau ina neman shirmen, ya ce bai san zancen ba!"

Da ta gama ta kai, Selina ta juya shi gaba da baya.

"Ya yi kyau," ta ce. "Sai dai ya cika tsari."

Lantana ta ɗauki takalminta a hannu ta fita. Sai da ta kai bakin rijiya ta tuna ba ta yi sallama ba, ta komo.