Rumbun Albasar Mode

"Riƙe tsanin ga da kyau, Uwaisu, hannunka awa na mai jin sanyi," in ji Mode daga saman rumbun, yana goge faifan sola da tsumma.

Uwaisu ya yi dariya ya ƙara danne tsanin. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Wurno, kuma shekara uku ke nan yana kallon maƙwabcin nasa, mai gyaran injin ban-ruwa, yana fama da wannan rumbu na laka. Ƙasansa katako ne mai rata, fanka na tura iska ta tsakanin albasa, rana ce ke juya fankar. A rudu, ma'ajiyar kara da kowa ya saba zuba albasa a ciki, rabinta kan ruɓe kafin damina. Mode ya rantse tasa za ta kai har tsakiyar damina. Alhaji Habi, shugaban dillalan albasa na Achida, ya ce in ya zo ƙarshen wata ya tarar da ita lafiya, shi da mutanensa za su sa a gina musu goma. Saura mako uku.

Mode ya sauko, ya zauna bakin rumbun, ya dafe ƙirji. "Amso man ruwa wajen Raihana."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Uwaisu ya dawo da kwanon ruwa ya same shi jingine da bango, tsumman na hannunsa, ya riga ya cika. Ya kira sunansa sau uku, har da tsawa, kamar mai tada wanda ya makara. Sai da Raihana, matar Mode, ta fito ta kwarma salati sannan ya gane ruwan na zuba a kan ƙafarsa. Kafin la'asar an kai Mode makwancinsa.

Kwana uku Uwaisu na kan tabarmar gaisuwa, ana magana ba ya fahimta. Ran na huɗu ya tsaya alwala a tsakar gidansa, ya ji shirun ya yi yawa. Ƙugin fankar da ya saba ji ta kan katanga babu shi.

Ya tarar da Malam Almustapha, yayan mamacin da ya zo daga Rara, zaune a zaure. Mutum ne mai amana, irin amanar da ba ta jin magana.

"Malam, ina solar da ad bisa rumbu?"

"Na sa an sauke ta tun ranar jana'iza. Tana ɗaki da sauran kayanai, na kulle."

"Wayoyin hwa?"

"Sun ƙi kwantuwa, munka sa wuƙa."

Uwaisu ya ce, "Malam, albasar ga iska taka sha. In fanka ta tsaya cikin damina, ta lalace dut."

"Mi kaka so in yi? Dukiyar marayu ta. A bar ta bisa rufi ɓarawo shi ɗauke, mi zan ce ma Allah? Ba a taɓa komi sai an raba gado."

Uwaisu ya roƙa, ya kawo liman ya roƙa. Sai kwana na goma sha ɗaya Malam ya buɗe ɗakin. Suka mayar da faifan bisa rufi, suka tsaya suna kallon guntayen wayoyi bakwai, ja da baƙi da shuɗi. Mode bai taɓa rubuta komai ba, duk a kansa yake. Mai gyara daga Goronyo ya jona, fankar ta yi juyi biyu ta ƙone. Ranar Uwaisu ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Alhaji Habi ya cika alkawari, ya zo ƙarshen wata da dillalai biyu. Tun daga bakin lungu warin ya tare su. Alhaji ya kai bakin rawaninsa hanci, ya tsaya nesa da ƙofar.

"Alhaji, wallahi wata biyat tana lahiya lau. Ni na gani da idona."

"Na yarda da kai, Uwaisu. Amma su waɗanga abin da hancinsu yaj ji za su kai kasuwa." Ya ɗaga hannu. "Allah shi jiƙan Mode."

Suka shafa addu'a, suka koma mota. Uwaisu bai buɗe rumbun ba. Ya tsuguna a bakin ƙofar, inda koren tsiron albasa ya leƙo ta ƙarƙashin ƙyaure, akuyar Raihana na tsinka ɗaya bayan ɗaya.