Adireshi a Bakin Nha Lulucha

Kun gani. Jirgin ƙasan da ke kai ku aiki Lisbon ta gefen unguwarmu yake bi. Kun ga jajayen lambobin da aka shafa a bangayenmu, kuka mai da ido kan wayoyinku. To yau sai kun ji.

Lahadin ƙarshe kafin rusau, matan batuku, waƙa da rawarsu ta gargajiya, suka yi da'ira a tsakar gidan Nha Lulucha, wato Inna Lulucha, kowacce da dunƙulen tsumma a matse tsakanin cinyoyinta, wanda suke duka a madadin ganga tun suna tsibirin Santiago. Hukuma ta rarraba musu sabbin gidaje a unguwanni bakwai. Lulucha, mai ba da waƙa shekara talatin, idonta na kan wata baƙuwa, Ivandra. Mako uku ke nan tana zuwa da littafi, tana tambayar sunan kowa da inda za a kai ta, da waɗanda za su bi ta. Masu jan fentin da suka shafa lambobin rusau ma da littafi suka fara zuwa. Ga shi Lulucha na da jikoki biyu da ba sa cikin takardar hukuma, in aka sani za a hana ta sabon gidan.

"'Yar nan, wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Nha. In aka watsa ku, wata ba ta san ƙofar wata ba, batuku ya mutu. Shi ya sa nake rubutawa."

"Ji wani tausayi," in ji Nha Bia mai kifi. "Wancan mai hular kwanon da ya shafa mana lamba ma har kofi ya sha a ɗakina."

Lulucha ta kwance ɗamararta ta jefa wa Ivandra. Wadda aka jefa wa dole ta shiga tsakiya. Ivandra ta ajiye littafin, ta ɗaure ƙyallen a saman cibiya.

"Ciwon ciki kike yi?" in ji Bia. "Sauke shi kan ƙugu, 'yar boko."

Aka yi dariya, ban da Lulucha. Ba ta iya karatu ba, rawar kuma ba ta gaya mata komai game da baƙuwar ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke littafin, ta cusa shi cikin tsummanta, ta matse. Sai ta ɗaga murya, ta rero abin da ta riƙe a ka.

"Bia ta tafi Monte Seco, gini na tara, hawa na huɗu."

Matan suka kalli juna, sannan suka amsa, tafukan hannu na sauka kan tsumma. Ta maimaita, suka maimaita. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mata goma sha shida, har kowace ƙofa ta zauna a bakin kowa. Ba jika ko ɗaya a cikin waƙar.

Da ta zo kan nata adireshin ta ɗan dakata, don ta ga leɓen Ivandra na amshi daidai, ba kuskure. Ta rera shi duk da haka. Littafin dai ba ta mayar ba.

Yanzu sun san ƙofofin juna, amma ɗakin bene ba ya ɗaukar da'ira, maƙwabta kuma ba sa son ƙara. A cikinku akwai mai gareji, akwai mai riƙe da makullin zauren coci ko na makaranta. Ran Lahadi ƙarfe huɗu, ku buɗe musu.