Neman Gafarar Jaki

"Ɗaga mai kai kaɗan, Sa'adu, huskar ba ta hitowa," in ji Mushe Issa, yana gyara riƙon salularsa a saman gadon.

Sa'adu bai motsa ba. Yana zaune a bakin gadon maƙwabcinsa Abdulmumini, hannunsa a kan ƙafar mara lafiyar, wadda ta kumbura kamar salka. Zuhura, matar gidan, ita ta matso ta cusa matashi a ƙarƙashin wuyan mijinta. Ɗakin na warin fenti da man zafi. A bayan ƙyaure an jingine allon wani mai aski, an zana kawuna an bar na ƙarshe babu kunne.

Abdulmumini mai zane ne. Rabin allunan shagunan Dakoro hannunsa ne. Shekarun baya wani ƙaramin gidan tele a Maradi ya karɓi zanensa ya sa shi motsi, shi kuma ya ba da murya, aka yi shirin ban dariya mai suna Gidan Angulu. An yi kashi-kashi da yawa, kuma a ganin Sa'adu, wanda ya karanta littattafai fiye da abin da ya amfane shi, yawancinsu shirme ne. Banda kashi na biyu.

A kashi na biyu, motar ɗaukar marasa lafiya ce ke gudu tana jiniya. A kan gadon ciki rago ne kwance, an ɗaura masa ƙarin ruwa, yana taunar ciyawa. A bakin hanya mace ce a ƙasa tana ɗaga hannu. Direban kuwa mataccen jaki ne, da hula da tabarau, ƙudaje na bin sa. Sai angulu ta sauka a kan gilashi ta leƙa, ta ce, "Ina kwana, Mushe? Har yanzu ba ka ruɓe ba?"

A ƙasar nan duk wanda ya taɓa riƙe alli a lakkol, makarantar boko, Mushe ne har ya mutu. Dabbar da ta mutu ba yanka, ita ma mushe ce. Ba a ambaci sunan kowa ba. Sai dai a garin mota irin wannan guda ce, wadda wani furoje na agaji ya bar wa ƙungiyar unguwanni, makullinta kuma a aljihun shugaban ƙungiyar yake, tsohon malamin lakkol Issa. Ranar da ciwon ciki ya murɗe Hamsatu, matar Sa'adu, likita ya ce sai Maradi, motar tana can tana kai ragunan Issa kasuwar Layya. Hamsatu ta cika a bayan motar kaya, tsakanin buhunan wake. Gari ya yi ta'aziyya ya yi shiru. Sa'adu ma, da duk karatunsa, shiru ya yi. Abdulmumini ne ya ɗauki alƙalami.

Gidan telen ya daina nuna kashin, amma ya riga ya shiga wayoyin mutane. Yanzu zaɓe ya gabato, Issa na neman kujerar konseye, wato kansila, kuma duk taron da ya tsaya ba a rasa mai kukan angulu daga baya. Yau da safe likita ya ce ƙodar Abdulmumini ta gaza, sai Maradi, kuma a kwance. Kafin hantsi ya dubi ludayi Issa ya yi sallama, makulli a hannu ɗaya, salula a ɗaya.

"Ba wani abu ba ne, Malam Abdu," in ji Issa cikin taushin murya. "Musulmi ba ya tahiya da haƙƙin wani a wuya. Kowa in ciwo ya yi tsanani yana neman gahwara. Ka ce jakin nan ba kowa ba ne, wasa ne, ƙarya anka yi mini. Ka ce in yahe maka, in yahe. Mota na waje, na cika ta da mai."

"Ashe yau ragunan sun samu sauƙi," in ji Abdulmumini. Muryar ta dushe, amma ana ji.

"Malam, don Allah," in ji Zuhura. "Don girman Allah. Kalma ce. Mi kalma ta ci maka?"

"Tambayi Sa'adu. Shi ya san kalmomi."

Duk suka dubi Sa'adu. Ya daɗe yana ɗaukar kashin nan a matsayin shaida guda da ta rage cewa Hamsatu ba haka kawai ta mutu ba. In mai zanen ya ce ƙarya ne da bakinsa, a kan gadon mutuwa, shi ke nan, an sake binne ta. Amma matacce matacce ne, ga kuma ƙafar mai rai da zafi a ƙarƙashin tafinsa.

"Hwaɗa mai, Mumini," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Hamsatu ba ta buƙatar zane inda take. Hwaɗa mai ka shiga mota."

"Kai ma?"

"Ni ma. Wa zai riƙa cin mutuncina da sahe in ka tahi?"

Abdulmumini ya dube shi. Sannan ya lashi leɓe ya ce wa Issa, "To, kunna abin naka."

Issa ya danna, ya sunkuyo.

"Ni Abdulmumini mai zane," ya fara, yana hutawa tsakanin kalmomi, "ina neman gahwarar Ubangijina. Ina neman gahwarar Zuhura, na ɓata mata zannuwa da fenti, na ɓata mata rai ya hi zannuwan yawa. Ina neman gahwarar Sa'adu, da ban hita da amalanke ranar nan na tare hanya ba. Sai kuma wanda na zalunta a kashi na biyu."

Issa ya gyaɗa kai, ya ƙara matso da salular.

"Jaki. Ina neman gahwarar jakan Dakoro duka, da na Rumbu, da na Mai Yara. Su ke ja muna ruwa daga rijiya mai zurhi. Ban taɓa ganin jaki ya wuce mace kwance bakin hanya don rago ba. Na yi musu ƙage. Su yahe mini."

Sannan ya tattara sauran numfashinsa, ya maƙe murya ta hanci, muryar da kowane gida a garin ya sani.

"Ina kwana, Mushe?"

Bai ƙarasa ba, tari ya sarƙe shi. Ba a ma buƙatar ƙarashen. Dariya ta ƙwace wa Sa'adu, irin wadda rabonsa da ita tun Hamsatu na da rai, mummuna, mai haɗe da hawaye.

Issa ya kashe salular.

"Ka zaɓa da kanka," ya ce. "Zuhura, ke shaida ce. Na zo da alheri."

"Ka zo da ciniki," in ji Sa'adu. "Kasuwa ta watse. Sauka lahiya."

Suka ji ƙarar motar tana juyawa a lungu, tana nisa. Zuhura ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Ka kashe kanka saboda zane," ta ce. "Ka bar ni da wa? Da angulu?"

"Zanen ya hi ni lahiya, Zuhura. Shi ba ya da ƙoda." Ya lalubo hannunta. Ta fizge, sannan ta mayar.

Sa'adu ya ɗauki sandarsa ya tafi tasha cikin rana. Ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon mutanen da da can ba ya ko amsa gaisuwarsu da kyau. Wannan ya ce sai mota ta cika, wancan ya ce taya. Daga ƙarshe wani Mahamman, mai jigilar gero daga Badar Gula, ya ce yana sauke kaya zai zo, a shimfiɗa katifa a baya. Sa'adu ya juyo da sauri irin na tsoho. Yana shan kwanar lungunsu bayan la'asar ya ji kukan Zuhura, ya rage tafiya, don babu sauran abin sauri.

Shi ya shiga wankan gawa, shi da limamin unguwa, a bayan zana. Suna cikin yi sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, wadda Sa'adu ya gane tun kafin a yi magana. Wani ya ɗaga murya daga zaure cewa Mushe Issa ya aiko da mota a kai mamaci maƙabarta, sadaka.

Sai muryar Zuhura ta fito daga cikin mata, a bushe, babu kuka a ciki.

"Ku ce mai kahwaɗun unguwag ga ba su mutu ba. Shi mai da abarshi."

Motar ta ɗan jima tana kaɗawa, sannan ta tafi.

Liman ya zuba ruwa a hannun daman mamacin. A ƙarƙashin farcen babban yatsa akwai shuɗin fenti, ya shige cikin fata ya zauna. Liman ya karyo tsinke daga zana ya miƙa.

"A kankare, Malam Sa'adu. Ruwa ba shi ratsa fenti."

"Da shi ya yi alwalarshi tun muna samari," in ji Sa'adu. "Wanda zai tarbe shi ya san sana'arshi."

Liman ya yar da tsinken. Sa'adu ya riƙe hannun ya ɗan jima, ruwa na ɗiga daga yatsun zuwa yashi. Sannan ya miƙar da shi a gefen jikin, ya jawo farin ƙyalle ya rufe.